Muryar Kawu kan kaset ɗin marigayi Baba: su wane ne ke waƙar nan?

(Ga muryar da Kawu ya turo jiya da dare, na rubuta ta saboda waɗanda suka ce ta ƙi buɗe musu. Yadda ya faɗa haka na rubuta.)

Salama gare ku 'yan'uwa, barkanmu da dare, ya gajiyar sujada. To 'yata, na saurari abin da kika turo, waƙoƙi ukun nan da kika ɗauka daga tsohon kaset ɗin marigayi babanki, kika ce babu rubutu a jikinsa sai "waƙoƙin Turawa" da ya sa da biro, kina so ki san su wane ne ke rerawa. Sau huɗu na saurara, na huɗun sai da na kashe fanka na sa iyafis. Allah ya ba ku haƙurin rashi, mutumin nan ya san waƙa, zaɓin da ya yi kaɗai ya isa shaida.

Na ga Shugaban kwaya ya rubuta cewa Carter Family ne. Ranka ya daɗe ka kusa, sunan gidan daidai ne, amma ba gidan ba ne. Gidan Carter biyu ne fa, kuma ba su haɗa dangi ba ko kaɗan. Waɗanda ka ambata 'yan jihar Bajiniya ne a Amurka, su uku, A.P. da matarsa Sara da Maybelle, waɗanda suka fara ɗaukar faifai a Bristol a 1927. Su in ka ji su ba ka mantawa, muryar Sara ƙasa take kamar ta namiji, ita kuma Maybelle da babban yatsa take fitar da karin waƙar a kan tsirkiyoyin ƙasa na jita, jitar ma waƙa take yi, shi A.P. kuwa ya shigo ya fita yadda ya ga dama. A abin da 'yata ta turo babu ko ɗaya cikin wannan. A waƙoƙi biyun farko murya huɗu ne cif, sofrano, alto, tena, bes, wato daga ta sama zuwa ta ƙasa, kowa na kan layinsa daga farko har ƙarshe, jita tana baya tana riƙe musu kiɗa kawai. Wannan Chuck Wagon Gang ne na Tekzas, su ma Carter ne sunansu.

Bari in ɗan ba ku labarinsu don in an san shi tantancewar tana sauƙi. Uban, D.P. Carter, talaka ne mai 'ya'ya tara, tsinkar auduga suke yi a gonakin mutane. A 1935 'yarsa Effie ta kwanta ciwon nimoniya babu kuɗin magani, shi ne ya je gidan rediyon KFYO da ke Lubbock ya roƙa a ba su fili su riƙa waƙa a biya su. Shekara na zagayowa, 1936, suka koma gidan rediyon WBAP a Fort Worth, wani kamfanin fulawa mai suna Bewley Mills ya ɗauki nauyin shirin, a nan aka ba su sunan nan, ma'anarsa keken abincin makiyayan shanu, kuma a nan aka sake wa kowa suna. To ku riƙe wannan da kyau don nan mutane ke ruɗewa: Lola ta zama Rose, Effie ta zama Anna, Ernest ya zama Jim, uban kuma aka bar shi da Dad. Sai ka ga wani ya lissafa Effie daban Anna daban ya ce mata uku ne a ƙungiyar, alhali mace ɗaya ce da suna biyu.

Yanzu waƙa ta farko, wadda duk muka sani, I'll Fly Away da Albert Brumley ya rubuta. Sun ɗauke ta wa kamfanin faifai na Columbia a 1948, kuma ɗaukar da kika turo ita ce waccan, dalilina kuwa biyu. Na ɗaya jitar ta katako ce, babu wuta a jikinta. Na biyu, ki ƙara sauti ki ji, ban da shuuu ɗin kaset akwai wani ƙaras ƙaras a ƙarƙashi yana zagayowa, wannan ƙarar allura ce a kan faifan garmaho mai gudu 78, wato daga faifai aka juye zuwa kaset. In haka ne to mutum huɗun nan su ne na asali. Siririyar muryar da ke sama Rose ce. Wadda ke ƙarƙashinta mai kauri da ɗumi, wadda in an zo amshi kike jin ta cika wurin, Anna ce, ita ce yarinyar nan da ta yi ciwo. Tena uban ne. Bes kuma Jim ne, shi ne ma ke kaɗa jitar.

Ki lura da abu ɗaya game da Anna, don ita ce mabuɗi a wurina. Waƙoƙin irin wannan, waɗanda kamfanoni irin su Stamps-Baxter da Vaughan suke bugawa a ƙananan littattafai, sau da yawa marubucin yakan ba alto jagora a amshi, sauran ukun su riƙa amsa mata a baya, ta faɗa su maimaita ta faɗa su maimaita. To duk inda kika ji an yi haka a tsoffin faifansu kika ji muryar macen ta sauko, kada ki ce Rose ce ta sauke murya, miƙa wa 'yar'uwarta ta yi. Kuma abin da yake burge ni, mutanen nan da do re mi suka koyi waƙa kamar yadda muke yi a kwaya, sai dai su kowane sauti da siffarsa a takarda, wani mai kusurwa uku wani mai huɗu wani zagaye, siffa bakwai, shi ya sa in kin ji su sai ki ji kamar 'yan gida ne, ba sa kwana-kwana da murya, abin da ke rubuce shi suke bi.

Waƙa ta biyu su ne dai, amma shekaru sun ja. Ki ji yadda jitar ta canza, ta zama ta lantarki, tana ɗan jan sauti tsakanin layi da layi. Wannan hannun Howard Gordon ne, mijin Anna, ya shigo ne a farkon shekarun 1950 lokacin da Jim ya ajiye, Roy ƙanin su Jim ya karɓi bes. To a nan ne nake so kowa ya buɗe kunne, don ni kaina na yi shekaru da wani kaset da na rubuta Jim a jikinsa ashe Roy ne, har na koya wa wasu haka, kuma abin ya dame ni da na gane. Jini ɗaya ne, gida ɗaya suka tashi, yadda suke buɗe baki, yadda suke furta kalma, inda suke jan numfashi, duk ɗaya. Abin da ya sa waƙar 'yan gida ɗaya take daɗi, muryoyin su narke su zama kamar mutum ɗaya, shi ne dai yake sa rarrabe su wuya. Don haka kunne kaɗai ba ya isa, sai ka haɗa da shekara. Jitar katako, ka ce Jim. Jitar lantarki, galibi Roy. Uban ya daina waƙa da su a tsakiyar shekarun 1950, ya rasu 1963, bayansa ɗansa Eddie ya riƙe tena na ɗan lokaci, daga baya Pat McKeehan wanda shi ba ɗan gidan ba ne. Howard kuma ya rasu 1967. Kun ga kowace shekara a nan kamar turke ce, in ka san lokacin da aka ɗauki waƙa sai sunayen su jeru da kansu. Daga baya ma ƙanwarsu Ruth Ellen ta riƙe alto, yau kuma jikar Anna, Shaye Smith, ita ke jan ƙungiyar, kuma alto take yi ita ma, to ka ga in an turo maka guntu babu shekara ai sai a hankali.

Wani zai ce to a duba ko sitiriyo ne, tunda faifan sitiriyo sai wajen 1958 ya shigo kasuwa, in murya ta rabu hagu da dama ka san uban ba ya ciki. Dabara ce mai kyau amma tana da rami, kamfanoni sun riƙa ɗauko tsoffin ɗauka suna yi musu sitiriyon ƙarya su sake sayarwa da sabon hoto a bango. Hoton bangon ma kada ku yarda da shi ido rufe, sai a sa hoton waɗanda ke ƙungiyar a shekarar da aka fitar, alhali muryoyin ciki na shekara goma baya ne. Abin da ba ya ƙarya shi ne lambar da aka zana a jikin faifan kansa, can kusa da takardar tsakiya inda allura ke ƙarewa, wannan lambar ɗauka ce, da ita masu bincike suke gano rana da gari da waɗanda suka shiga situdiyo. Sai kuma matsalar kaset ɗinmu, in rediyon na gudu fiye da kima ko batir ya yi sanyi murya tana hawa ko ta sauka, alto ta koma sofrano, tena ya koma mace. Na biyun da kika turo ma akwai ɗan wannan, rediyon yana ɗan sauri.

Ta ukun kuwa ba su ba ne sam. Da jin fiyano ya buɗe da gudu haka na san mun bar gidan Carter. Happy Goodman Family ne na Madisonville a Kentaki, Howard da ƙannensa Sam da Rusty da matar Howard ɗin Vestal, wannan Howard ɗin daban da na ɗazu fa, shi ne ke dukan fiyanon. Su salonsu ba ya ɓuya, ba sa shiga tare ba sa fita tare, kowa ya kama sautinsa ya riƙe, ƙarshen waƙa kamar za a ɗaga rufin coci. Muryar da ke saman kowa Vestal ce, mai ƙarfin nan, layin tena take bi duk da mace ce, mai zurfin da ya karɓi aya ta biyu kuma Rusty ne. Su ma akwai turkensu, a tsakiyar shekarun 1970 da ta yi fama da ciwon zuciya wani saurayi Johnny Cook ne ya riƙe mata wurin, muryarsa can sama, har wasu in sun ji sai su ce ita ce. A nan dai ita ce, akwai kaurin da namiji mai siririyar murya ba ya iya kawowa.

Kuma don Allah kada kalmar "family" ta ruɗe ku. Ga misali, gidan Speer, su ma mawaƙa, da suka fara tun 1921, bayan 'yan matan gidan Rosa Nell da Mary Tom sun yi aure, iyayen kuma suka rasu 1966 da 1967, matan da kuke ji tare da 'ya'yan gidan maza Brock da Ben a faifan shekarun nan yawanci ɗauko su aka yi, irin su Jeanne Johnson, amma sunan gidan bai canza a bango ba. Na damu da wannan ne don mace ta ba da ƙuruciyarta tana yawo a mota gari gari tana waƙa, ya kamata a kira ta da sunanta, kamar yadda ba za mu so a ɗauki muryar Mama Uwar zumunta a liƙa wa wata ba.

To 'yata ga abin da za ki yi min. A jikin kaset ɗin ki rubuta, ta ɗaya Rose, Anna, Dad, Jim, 1948. Ta biyu ki sa Rose, Anna, Roy, da Howard Gordon a jita, ki bar gurbin tena tukuna har mu samu shekarar. Ki duba cikin akwatin babanki ko faifan da aka juyo daga ciki suna nan, in suna nan ki ɗauki hoton takardar tsakiya da lambar nan ta gefe, ki karkata shi wajen haske don ta fito. Sannan ki juya ɗaya gefen kaset ɗin ki turo min gaba ɗaya, kada ki yanka, ki sa rediyon a wuta ba batir ba, ki kashe fanka, ki ajiye wayar kamar taki ɗaya daga sifika. Ki gaida min mamanki da kyau, ki ce ina nan tafe ranar Asabar in Ubangiji ya yarda. Sai da safenku.