Tambaya da Amsa: Adana Faifan Kwamfuta Gaba Ɗaya da Manhajojin Kyauta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Faifan kwamfutata ya mutu a watan jiya. Takarduna da hotunana ba su salwanta ba, domin na saba kwafe su a filashi, amma na daɗe ina fama da sake ɗora Windows da manhajojin aikina, kuma har yanzu akwai waɗanda ban samo lambobin lasisinsu ba. Shin akwai hanyar adana kwamfutar ɗungurungum, ta yadda idan haka ta sake faruwa zan mayar da ita yadda take, ba tare da na sayi manhaja ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya mayar da alheri. Hanyar tana nan, ita ce ɗaukar hoton faifai, wato a karance duk abin da ke kan faifan tun daga farkonsa har ƙarshensa a zuba shi a wata ma'ajiya ta daban, yadda za a iya sake shimfiɗa shi a kan sabon faifai. Abin da ya sa kwafin da kake yi bai wadatar ba shi ne, akwai abubuwa da dama a kan faifai da ba ka ganinsu idan ka buɗe folda. Akwai teburin da ke nuna yadda aka rarraba faifan, wanda a sababbin kwamfutoci ake kira GPT, a tsofaffi kuma MBR. Akwai ɗan ƙaramin sashen EFI da kwamfuta ke fara karantawa da zarar an kunna ta, sannan ga direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta yi aiki da sassan kwamfutar, da saitunan da kowace manhaja ta rubuta a cikin Windows ranar da aka ɗora ta. Jan folda zuwa filashi ba ya ɗauko waɗannan yadda kwamfuta za ta tashi da su, shi kuwa hoton faifai da su yake tafiya duka.

Manhajojin kyauta da ke wannan aiki kashi biyu ne. Kashi na farko su ne waɗanda ake tayar da kwamfuta da su daga filashi, su yi aikinsu alhali Windows tana kashe. Fitacciya a cikinsu ita ce Clonezilla, wadda Steven Shiau da abokan aikinsa suka samar a wata cibiyar binciken kwamfuta ta ƙasar Taiwan. Aikinta yana da inganci, sai dai fuskarta rubutu ne zalla, da madannai ake bin ta, kuma tambayoyinta kan rikita wanda bai saba ba. Don haka ga mai farawa na fi ba da shawarar Rescuezilla, wadda ta fito a 2019, ana sarrafa ta da linzami, kuma tsarin hotonta ɗaya ne da na Clonezilla, ta yadda abin da ɗaya ta ɗauka ɗayar za ta iya mayarwa. Kashi na biyu su ne waɗanda ake ɗorawa a cikin Windows, su ɗauki hoton kana tsaka da aikinka, ta hanyar wata dabara ta Windows mai suna VSS da ke tsayar da siffar faifan a daidai lokacin da aka fara. Veeam Agent for Microsoft Windows tana da nau'in kyauta mai yin haka. Macrium Reflect Free ce mutane da yawa suka sani a da, amma kamfanin ya janye nau'in kyautar, kuma gyaran tsaronta ya tsaya a farkon 2024. Ita ma Windows tana da nata tsohon tsarin ɗaukar hoton, wanda har yanzu yake ɗauke da sunan Windows 7, sai dai Microsoft da kansa ya sanar tun 2017 cewa ya daina bunƙasa shi.

Kayan aikin biyu ne: filashi wadda ba ka buƙatar abin da ke cikinta, domin za a goge ta, da faifan waje mai sararin da ya fi abin da ka cika a kwamfutarka. Ka sauke Rescuezilla daga shafinta na asali, ka rubuta ta a kan filashin da manhajar Rufus ko ta balenaEtcher. Sannan ka kashe kwamfutar kashewa ta gaske, wato ka danne Shift a lokacin da kake latsa wurin kashewa. Dalili kuwa, Windows 10 da 11 kan yi wani ɗan barci ne a maimakon mutuwa don su tashi da sauri, kuma faifan da aka bari a wannan hali ba a rufe shi da kyau ba, manhajar na iya ƙin taɓa shi. Idan ka sake kunnawa sai ka latsa madannin zaɓen abin da za a tashi da shi, wanda galibi F12 ne a Dell da Lenovo, F9 kuma a HP, ka zaɓi filashin.

A nan ne ake buƙatar natsuwa. Clonezilla da Rescuezilla a kan Linux aka gina su, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows, saboda haka ba za ka ga C ko D da ka saba gani ba, sai dai sunaye irin su sda da sdb ko nvme0n1, kuma ba dole ba ne sda ya zama faifan cikin kwamfutar. Ka dubi girman kowane faifai da sunan kamfanin da ya ƙera shi kafin ka zaɓa. A wajen ɗaukar hoto kuskuren zaɓi ɓata lokaci kawai zai jawo, amma a wajen mayarwa duk faifan da ka nuna za a shafe shi ƙurmus, kuma da zarar an fara babu komawa baya. Ka zaɓi faifan gaba ɗaya da dukkan sassansa, domin wanda ya ɗauki sashen Windows kaɗai ya bar na EFI yakan ƙare da kwamfutar da komai na ciki amma ta ƙi tashi.

Hoton ba ya kai girman faifan, domin guraben da ke ɗauke da bayanai kawai ake karantawa, sannan a matse su. Takardu da manhajoji suna matsuwa sosai, bidiyo da hotuna kuwa an riga an matse su tun asali, ba sa raguwa a zo a gani. Game da lokaci, gigabait 200 a kan tashar USB 2.0, wadda a aikace ba ta cika wuce megabait 30 zuwa 35 a daƙiƙa ba, zai ci kusan awa biyu, alhali a kan USB 3.0 da faifan da ke karɓar megabait 100 a daƙiƙa bai fi rabin awa da 'yan mintuna ba. Ka jona kwamfutar da wuta kafin ka fara.

Abin da aka fi sakaci da shi yana zuwa ne bayan an gama. Ka bari manhajar ta tantance hoton, ko da hakan zai ƙara maka jira, kuma idan kana da wani faifai da ba a amfani da shi, ka mayar da hoton a kansa, ka sa shi a kwamfutar ka ga ko za ta tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da faifai ya mutu ba ita ce ranar da ya kamata mutum ya fara gano cewa filashinsa ba ta tashi a kwamfutarsa ba, ko cewa hoton ya lalace tun lokacin da aka ɗauke shi.

Tambaya: Malam, na sayi sabon faifai nau'in SSD mai gigabait 500 don in maye gurbin tsohon faifaina mai terabait 1. Abin da ke ciki bai wuce gigabait 200 ba, amma Clonezilla ta ce sabon faifan ya yi ƙanƙanta. Ina laifin yake?

Amsa: Malama, babu laifi a faifanki, ƙa'idar manhajar ce haka. Clonezilla tana mayar da kowane gurbi ne a daidai matsayin da ta ɗauko shi, kuma ko da abin da ke ciki kaɗan ne, yana iya kasancewa a warwatse har can ƙarshen sashen, inda sabon faifan bai kai ba. Shi ya sa take sharɗanta cewa sashen da za a zuba wa ya kai girman wanda aka ɗauko ko ya fi shi. Mafita ita ce a rage girman sashen Windows tun a kan tsohon faifan, ya koma misalin gigabait 400, ta hanyar sashen kula da faifai na Windows ko kuma da manhajar GParted, wadda take cikin Rescuezilla. Ki lura cewa sau da yawa akwai ɗan ƙaramin sashen farfaɗo da Windows da ke zaune a ƙarshen faifan, shi ma sai an matso da shi kusa da sashen Windows ɗin da aka rage, in ba haka ba zai faɗa wajen iyakar sabon faifan. Bayan haka sai a sake ɗaukar hoton, a wajen mayarwa kuma a shiga zaɓin ƙwararru na Clonezilla a kunna -icds, wanda ke hana ta duba girman faifan da za a zuba wa.

Rage sashe da matsar da shi aiki ne da kan iya lalata bayanai idan wuta ta ɗauke a tsakiya, don haka ki fara ɗaukar cikakken hoton tsohon faifan yadda yake kafin ki taɓa komai. Idan kuma duk wannan ya yi miki tsawo, ki duba shafin kamfanin da ya ƙera SSD ɗin, domin Samsung da Crucial da Western Digital duk suna ba masu faifansu manhajar ƙaura kyauta, wadda ke daidaita girman da kanta.

Tambaya: Faifaina mai gigabait 512 ne, rabinsa babu komai, amma hoton da na ɗauka ya kusa kai girman faifan duka. Me ya jawo haka, Malam?

Amsa: Mafi rinjayen zato shi ne faifan a kulle yake da BitLocker, wato tsarin Windows na ɓoye bayanan faifai, wataƙila ma ba ka sani ba, domin sababbin kwamfutoci da yawa masu Windows 11 kan kulle kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft. Manhajar da ta tashi daga filashi ba ta iya ganin cikin kullallen sashe, ba ta bambance gurbin da ke da kaya da wanda babu, sai ta kwashe duka, kuma bayanan da aka kulle ba sa matsuwa. Hoton yana da amfani, girma kawai ya yi. Idan kana son ƙarami, ko dai ka cire kullen gaba ɗaya kafin ɗauka, ko ka yi amfani da manhajar da ke aiki daga cikin Windows, wadda ke ganin faifan a buɗe. Sai dai a nan hoton kansa zai fito a buɗe, ya zama wajibi ka sa masa kalmar sirri. Ko wacce ka bi, ka nemo lambar buɗe BitLocker mai alƙaluma 48 ka rubuta ta a takarda ka adana, domin kwamfutar na iya neman ta bayan mayarwa, kuma idan babu ita babu mai iya buɗe maka.

Tambaya: Zan iya mayar da hoton tsohuwar kwamfutata a kan wata sabuwa ta daban?

Amsa: Yakan yiwu, domin Windows 10 da 11 kan nemo direbobin da suka dace a tashin farko, amma babu tabbas. Hoton da aka ɗauka daga kwamfuta mai tsohon tsarin tashi na BIOS da MBR ba zai tashi a kan wadda sabon tsarin UEFI kaɗai ta sani ba sai an sauya tsarin faifan, kuma lasisin Windows da ya zo tare da kwamfuta a ɗaure yake da babban allonta, ba ya bin hoton zuwa wata. A ganina, ɗora sabuwar Windows a kwaso fayiloli ya fi tsafta a irin wannan hali.

Tambaya: Malam, sau nawa ya kamata in riƙa ɗaukar hoton, kuma akwai aibi idan na bar faifan ajiyar a jone da kwamfuta kullum?

Amsa: Akwai aibi babba, Malama. Miyagun manhajojin da ke garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa, irin WannaCry da ta afka wa ƙasashe fiye da 150 a watan Mayun 2017, sukan kulle duk faifan da suka tarar a jone, har da na ajiyar. Haka nan tsawa ko ɓarawo ba za su ɗauki kwamfuta su bar abin da ke manne da ita ba. Ki jona shi lokacin ɗauka, ki cire idan an gama. Masana harkar suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku na bayanan, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri na daban da inda kwamfutar take.

Yawan ɗaukar ya danganta da yadda kwamfutar ke sauyawa. Hoton faifai yana mayar da ke ne ranar da aka ɗauke shi, duk abin da kika rubuta bayan ranar ba ya ciki, saboda haka bai maye gurbin kwafe takardun aiki na yau da kullum ba. Ga mai amfanin gida, sau ɗaya a wata ya isa, tare da ƙarin ɗauka kafin kowane babban sauyi, kamar ɗaga Windows 10, wadda Microsoft ya daina tallafa wa a ranar 14 ga Oktoban 2025, zuwa Windows 11. Clonezilla da Rescuezilla kowane lokaci cikakken hoto suke ɗauka, ba su iya ɗaukar abin da ya sauya kaɗai, don haka mai buƙatar ajiya ta kullum gara ya koma ga Veeam, wadda ake saita mata lokaci ta riƙa ƙara sauye-sauyen ranar a kan hoton farko. Kada kuma ki goge tsohon hoto da zarar kin ɗauki sabo. Ki riƙe aƙalla biyu ko uku, kowanne da kwanan watansa a jikin sunansa, domin idan cuta ta shiga kwamfutar makonni kafin ki farga, sabon hoton da ita aka ɗauke shi, kuma na watan da ya gabata za ki nema.