Mai Tsaron Baya da Mai Tsaron Gida: Ina Bambancin?

Wani mai karatu daga unguwar Bagalam a Maradi ya tambaya: "Malam, mene ne sunan ɗan wasan da ke hana abokan hamayya isa raga? Wasu na cewa mai tsaron gida, wasu kuma ɗan baya."

Malam, sunan da ya dace shi ne mai tsaron baya, jam'insa masu tsaron baya. Tsaro ya fito daga aikatau tsare, wanda ke ɗauke da ma'ana biyu da suka haɗu a wannan aiki: kula da abu don kada ya salwanta, da kuma datse hanya don kada wani ya wuce. Baya a nan wuri ne, wato ɓangaren fili da ke kusa da ragar ƙungiyarsu.

Mai tsaron gida kuwa mutum ɗaya ne tak, shi ne wanda doka ta yarje wa kama ƙwallo da hannu a cikin da'irarsa. Kassaly Daouda, wanda ya tsare ragar Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Nijar, a gasar cin kofin Afirka ta 2012 da ta 2013, mai tsaron gida ne. Koffi Dan Kowa da ya buga a gabansa mai tsaron baya ne. Haɗa su da suna ɗaya kuskure ne da nake yawan ji, kuma yana ɓata labarin wasa.

Ɗan baya ya zauna a bakin masu kallo, ban kuma ga laifinsa a hira ba. A rubutu ne nake jan hankali, domin tun fil azal ƴan baya na nufin waɗanda suka zo daga bisani. Wanda ya rubuta cewa ƴan bayan Ɗankasawa sun yi ƙoƙari, mai karatu na iya ɗauka zuriyar Sarki Ɗankasawa ake nufi, alhali ƙungiyar ƙwallon Maradi ce a ransa.

A bakin fili za ka ji matasa na cewa defans, aron Faransanci, ko su kira mutum da lambarsa: lamba biyu a dama, lamba uku a hagu, huɗu da biyar a tsakiya. Idan waɗannan biyun na tsakiya suka bar rata aka zura musu ƙwallo, dattawan da ke kallo sukan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon da suke nufi shi ne layin masu tsaron baya.