Tambaya da Amsa: Mawaƙan da Aka Haifa a Watan Oktoba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana na fari, wanda aka haifa a watan Oktoba, ya ɗauki son kiɗa ya ɗora wa ransa, kuma duk lokacin da na yi masa faɗa sai ya ce watan haihuwarsa watan manyan mawaƙa ne. Ina so a bayyana mini su wane ne waɗannan mawaƙa, kuma ko watan yana da hannu a baiwarsu. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaron naki bai yi ƙarya ba game da sunayen, domin Oktoba ya tara gwanaye masu yawa. A cikinsa aka haifi John Lennon na ƙungiyar Beatles a Liverpool a 1940, da Peter Tosh na Jamaika a 1944, waɗanda dukansu harbin bindiga ne ya yi ajalinsu. Sai dai zan fi tsayawa a kan mutum huɗu da labarinsu ya fi kusa da abin da ke damun ki.

Na farko shi ne Fela Anikulapo Kuti, wanda aka haifa a Abekuta ranar 15 ga Oktoba, 1938. Mahaifinsa limamin coci ne kuma shugaban makaranta, mahaifiyarsa Funmilayo kuwa fitacciyar mai fafutukar kare haƙƙin mata ce. Gida ne na boko zalla, har 'yan'uwansa biyu, Olikoye da Beko, suka zama likitoci. Shi ma an tura shi Landan a 1958 da wannan fata, amma ya karkata ya shiga Kwalejin Kiɗa ta Trinity. Bayan zaman da ya yi a Amurka a 1969 ne ya daidaita salon Afrobeat tare da makaɗin gangarsa Tony Allen, ya mai da waƙa makamin sukar gwamnatocin soja. Wannan bai zo masa da sauƙi ba: a Fabrairun 1977 sojoji suka ƙona gidansa na Kalakuta a Legas, suka jefo mahaifiyarsa ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo baya, sannan a 1984 aka ɗaure shi, bai fito ba sai 1986.

Shekara guda bayan haihuwar Fela, ranar 31 ga Oktoba, 1939, aka haifi Ali Farka Toure a arewacin Mali, kuma a ganina labarinsa ya fi na kowa daɗin ji. Shi ne na goma a ɗakinsu, shi kaɗai ne kuma ya rayu, shi ya sa aka laƙaba masa Farka, wato jaki a harshen Songhai, saboda taurin rai. Gidansu ba gidan roƙo ba ne, kuma a can, kamar a ƙasar Hausa ta da, wanda bai gaji kiɗa ba idan ya kama shi abin magana ne. Duk da haka ya fara da ƙananan kayan kiɗa masu tsirkiya ɗaya, har da njarka mai kama da kukumarmu, daga baya ya mai da waɗannan sautuka kan jita, Turawa suka riƙa kwatanta shi da masu kiɗan blues na Amurka. Ya ci kyautar Grammy fiye da sau ɗaya, amma shi da bakinsa manomi yake kiran kansa. Ya zuba dukiyarsa a noman rani a Niafunke, a bakin kogin Neja, aka zaɓe shi magajin garin a 2004, ya rasu a Maris na 2006.

Youssou N'Dour na Senegal, haifaffen Dakar ranar 1 ga Oktoba, 1959, ta ɗakin uwa ya gaji waƙa. Ya fito da kiɗan mbalax ga duniya, ya kafa jarida da gidajen rediyo da talabijin, ya nemi tsayawa takarar shugaban ƙasa a 2012 aka hana shi, sannan Macky Sall, wanda ya ci zaɓen, ya naɗa shi ministan al'adu da yawon buɗe ido.

Na huɗu shi ne Nusrat Fateh Ali Khan na Pakistan, wanda aka haifa ranar 13 ga Oktoba, 1948. Zuriyarsu ta shafe ɗaruruwan shekaru tana yin qawwali, waƙoƙin bege na Sufaye, wanda duk wanda ya saba zaman mandiri a Kano zai gane yanayinsa nan take. Abin mamaki, mahaifinsa, wanda shi kansa babban mawaƙi ne, likita ko injiniya ya so ɗan ya zama, amma a 1971 Nusrat ɗin ne ya karɓi jagorancin ƙungiyar gidan. Ya rasu a Landan ranar 16 ga Agusta, 1997, makonni biyu cif bayan rasuwar Fela ranar 2 ga watan.

Game da tambayarki ta biyu, wata ba shi da hannu a baiwar kowa. Watanni goma sha biyu ne kacal, mawaƙa kuwa dubbai, saboda haka duk watan da aka ɗauka za a cika shafi da manyan sunaye. Bob Marley, alal misali, ɗan Fabrairu ne. Haka kuma da yawa daga cikin makaɗanmu na gargajiya an haife su ne lokacin da ake ƙidayar shekaru da mulkin sarki ko shekarar fara, ba a rubuta wata ba, kuma hakan bai rage zaƙin kalangunsu ba.

Idan yaron ya sake kawo miki hujjar Oktoba, Hajiya, ki tuna masa cewa Fela sai da ya zauna a aji ya koyi busa ƙaho bisa ƙa'ida, Nusrat kuwa ya yi shekaru yana amshi a bayan baffansa kafin a ba shi gaba. Ki tambaye shi a gaban wane malami yake son ya zauna, kuma awa nawa yake ware wa koyon a rana bayan ya gama karatun makaranta.