Tambayoyinku: Ekstenshin Mai Narkewa da Butar da Ta Daina Sauri

Assalamu alaikum. Sau biyu ke nan ina sayen ekstenshin yana narkewa. Butar dafa ruwa da dutsen guga nake jona masa. In ƙara kuɗi in sayi mai tsada ne? Daga wata uwargida a Kano.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki taɓa jakarki, juya butar ki duba gindinta. Za ki ga an rubuta 2000W ko abin da ya yi kusa da haka, wato wat 2000, ma'aunin wutar da take ci. Wutar gidajenmu a Najeriya bolt 230 ce, wato ƙarfin da ke tura ta, amfiya kuwa yawan wutar da ke bi ta waya ce, kuma ƙa'idar ita ce bolt sau amfiya shi ke ba da wat. Idan kika raba 2000 da 230, butar tana jan amfiya 8.7. Dutsen guga mai wat 1200 kuma yana jan 5.2. Kin ga sun kusa 14 idan aka kunna su tare.

To, fulogi mai ƙafa uku irin wanda muka gada daga Ingila, iyakar fis ɗinsa, wato abin da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa, amfiya 13 ce, kimanin wat 3000. Ko mai tsadan kika saya kin ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa, balle na araha da wayar cikinsa kamar zaren ɗinki. Siririyar waya ta fi turje wa wuta, turjiyar nan ce ke komawa zafi, kuma idan amfiya ta ninka biyu zafin ninki huɗu yake yi.

Ki mayar da butar soket ɗin bango. In sayen ya zama dole, nemi ekstenshin mai wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 1.5 (1.5mm²) wanda aka rubuta masa 13A, ki ɗaga shi ki ji nauyinsa a hannu. Don Allah kada a naɗa waya a madadin fis in ya ƙone, aikinsa ya yi.

Malam, butata ta rage sauri, musamman da magariba. Ta lalace ne in canza? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Ɗan uwa, ina zargin wutar unguwarku kafin butar. Ƙarfen da ke zafafa ruwan yana da turjiya da ake aunawa da om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm da ya fitar da ƙa'idar a 1827. Bolt a raba da amfiya: 230 a raba da 8.7 ya ba da om 26, kuma wannan kusan ba ya canzawa. Da magariba kowa ya kunna kayansa, sai wuta ta yi ƙasa, a ce bolt 170. Raba 170 da 26, amfiya 6.5 ke nan, sau 170 kuma wat 1100 kacal. Wuta ta ragu da kwata, amma zafin ya kusa raguwa da rabi. Sabuwar buta ma haka za ta yi maka.

Ka sa mai gyaran wuta ya auna soket ɗin da mitarsa a daidai lokacin. Kada ka saya mata stabilaiza. Wanda zai ɗauki wat 2000 ya fi butar tsada nesa ba kusa ba. Ka dafa ruwanka da hantsi ka zuba a filas.