Kar ka daka dutsen nan, ɗana

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ku yi mini haƙuri, rubutu a salula ya fi ƙarfin idona yanzu, sai dai murya. Wanda ya gaji da saurare ya wuce abinsa.

To ɗana, na ga hoton da ka saka, na kuma ji tambayarka. Ka ce abokinka ya zo da wani dutse mai ƙyalli daga wajen Ɗan Isa, an ce mishi kobalt ne, ko gaskiya ne, kuma nawa ake sayen kilo. Sai wani ya ƙara da cewa a tambayi Baba, tunda shi ke tara duwatsu cikin kwaba kamar mai shirin gini. Na ji wannan ma, kuma na san mai muryar. Amma ni na gane abin da kake tambaya. Ba sunan dutsen ya dame ka ba. So kake in ce maka ka saida babur ɗin kabu-kabu ka zuba kuɗin cikin rami tare da abokin naka. To kar ka saida. Na faɗa tun farko saboda waɗanda ba su kai ƙarshen murya.

Abin da ke cikin hoton nan, rawaya ne, ƙirarsa kamar ƴan ƙananan akwatuna, kuma in ka duba da kyau akwai zane-zane a fuskar kowane. Pirit ke nan. Ƙarfe ne da farar wuta. Inda duk ake haƙar zinariya ana gamuwa da shi, mu a wajen aiki da ƙafa muke ture shi. Sa mishi wuƙa ka gani, ba ta kama shi, alhali zinariya wuƙa na yankarta. Kobalt kuwa, wanda ake kira kobaltit, fari ne kamar azurfa, da ɗan ja-ja a jikinsa in haske ya bugo. Kuma don Allah ku daina cewa kobalt shuɗi ne. Shuɗin nan sai an narka shi cikin gilashi ko an yi fentin tangaran da shi yake fitowa. A ƙasa ba haka yake ba. Alamar kobalt a dutse ita ce in iska da ruwa sunka taɓa shi, sai ya yi wani fure-fure ja mai haske a bisa, kamar launin ruwan zoɓo da anka sirka. Nikel shi kuma kore yake yi. Ko da yake tsaya, kore ba hujja ba ne, jan ƙarfe ma kore yake yi, kar wani ya ɗauko mini dutse kore gobe ya ce Baba ya ce.

Sannan kilo da kake tambaya. Nan ne kunka ɓata, kai da mai yi mini dariyar. Kasuwa biyu ce, ba ɗaya ba. Akwai masu sayen ƙarfen don batir ɗin salula da na mota, su da tan suke magana, da jirgin ruwa, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Kongo yake fitowa, can yankin Katanga, e, Katanga, ba ta gidanku ba. Waɗannan ba su san da buhunka ba. Akwai kuma irinmu, masu tarawa. Mu ba ruwanmu da nauyi. Ƙirar da Allah ya yi wa dutsen muke saye: kusurwa ta fito cif, fuska sumul, ba a goge da hannu ba, ba a fasa ba, yana zaune bisa uwar dutsensa kamar yadda anka tarar da shi. Wanda bai kai ƙwayar gujiya ba yana iya fin wanda ya cika kwano daraja. Ranar da ka sa mishi guduma, ka gama da shi, ya koma tsakuwa.

Bari in ba ka misali da nawa. Wanda na fi ji da shi, sukuterudit ne, sunan wani wuri ne a Norwe, Skutterud, anka sa mishi. Amma masu kyan daga Maroko suke fitowa, Bu Azzer, can yankin Warzazat. Ma'adanar nan tana cikin ƴan ƙalilan a duniya da kobalt ne kansa ake nema, sauran wurare yawanci jan ƙarfe ko nikel ake haƙa, kobalt ya biyo baya. Nawa bai wuce kan babban yatsa ba, fari tas, fuskokinsa kamar madubi, in ka ɗauka sai ka ji nauyin ya wuce girman. A nauyi, pirit ya ninka ruwa sau 5, wannan wajen 6 da rabi, nikelin, wani dutsen nikel, kusan 8. Masu sayen zinariya a kasuwa sun san wannan awon, a auna a iska, a auna cikin ruwa, to shi ne dai. Ina da eritrit ma, shi ne furen kobalt ɗin da na faɗa, amma wanda ya tsiro kamar ƴan wuƙaƙe ja. Shi da farce ma sai ka karce shi, shi ya sa ba na ba kowa ya riƙe. Da karolit, shi ma dutsen kobalt ne, ƙarami na Kambobe a Kongo, zaune cikin farin dutse. Wanda har yau nake kwaɗayi shi ne milerit, nikel da farar wuta, yana tsirowa sirara kamar gashin masara, launin tagulla, cikin ramin dutse. Na Kentaki a Amurka sun yi suna. Wannan ko an ba ni kyauta ban san ta yadda zai iso Maradi da ransa ba, da hanyar nan tamu.

Kuma kar ka ga kamar ni ba a taɓa cuta ta ba. An cuce ni, cuta mai kyau. Lokacin ina aiki arewa, na sauko Agadas hutu, wani mai kayan Maroko ya kira ni gefe, ya buɗe tsumma. Dutse ne kamar ƙwallon goruba, an raba shi biyu, cikinsa duk ƙyalli, da wasu ƴan sanduna a tsaye masu walƙiya. Ya ce kobalt ne, daga ramin anka fiddo shi haka. Ya rantse. Ni kuma da karatuna, da takardata ta makarantar ma'adinai, na zaro jika talatin da biyar na ba shi, har ina jin na ci riba. Na kawo shi gida na aje bisa tagar ɗaki. Kun dai san zafin Maradi kafin ruwa ya sauka. Wata rana na shigo sai na ga ƙyallin ya zubo ƙasa kamar an barbaɗa, sanda guda ta karkace. Na ɗauka na murza, ashe tsinken ashana ne. Tsinken ashana, jama'a! An shafa mishi gam, an birkiɗa shi cikin dakakken tozali, an kafa. Tozali, wanda tsofaffi mata ke saidawa a babbar kasuwa, na dala ashirin ya ishe ka wata da watanni. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne. Da na sa gilashin ƙara girma minti ɗaya da na ga gam ɗin. Gilashin yana cikin aljihuna a ranar! Kunya ce ta hana ni, wai kar ya ce na ƙaryata shi bayan ya rantse. Uwargida kuwa har yau in muna lissafin cefane sai ta ce a ɗauko daga cikin kobalt. Shekara nawa yanzu, ba ta manta ba. Na koma Agadas bayan nan ya fi sau goma, duk zuwa sai na leƙa wurin, mutumin kamar ƙasa ta haɗiye shi. Dutsen yana nan, ban yar ba, na rubuta mishi takarda na ce na jabu ne, kuma shi nake fara nuna wa duk wanda ya zo kallo.

Af, takarda. Wannan ma ku riƙe. Dutsen da ba a san ramin da ya fito ba, rabin darajarsa ta tafi. Masu zuwa manyan kasuwannin duwatsu, irin ta Tusan a Amurka ko ta Sainte-Marie-aux-Mines a Faransa, abin da suke fara dubawa ke nan: wace ƙasa, wane rami, hannun wa da wa ya bi. Ni jikoki sun taɓa kwashe mini takardu huɗu sunka yi jirgi da su, amma bar wannan, in na shiga ba mu gamawa.

Abin da ya sa ma na ɗauki salular, ba kuɗi ba ne. Na ji ka ce abokin naka zai daka kaɗan a turmi ya wanke ya ga abin da zai fito. Kar ya kuskura. Duwatsun kobalt da nikel ɗin nan, kobaltit, sukuterudit, nikelin, eritrit, duk da arsenik suke haɗe, guba ce tsagwaronta. Mutanen Bu Azzer, tun kafin a buɗe ma'adanar, da jan garin nan suke kashe ɓera. Sunan kobalt ɗin ma daga gubar nan ya samo asali. Masu haƙa na Jamus a zamanin da, in sun ga dutse fari sai su ɗauka azurfa ce, su sa a wuta, ba azurfa, sai hayaƙin da ke kwantar da mutum. Sai sunka ce aikin aljanin rami ne, kobold, shi ne kobalt. Nikel ma haka, dutse ja kamar jan ƙarfe amma ya ƙi ba da jan ƙarfe, sunka ce na sheɗan ne. Ka ga ba mu kaɗai ke cewa zinariya na da aljanu ba. Sai 1751 wani ɗan Suwidin, Brandt, a'a, Cronstedt ne na nikel, 1751. Brandt shi ne na kobalt, wajen 1735, shi ma ɗan Suwidin. To su sunka nuna ƙarfe ne sabo, ba aljani ba.

Za ka ce ai na ce naku pirit ne, mi ya kawo guba? To wa ya gaya maka shi kaɗai ne a ciki? Inda zinariya take, sau da yawa akwai arsenopirit, fari, in an buga shi yana warin tafarnuwa, warin arsenik ke nan. Akwai dalma. Kun manta Zamfara a 2010? Nan kusa da mu, Bagega da ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dutsen zinariya anka riƙa kawowa gida ana dakawa a tsakar gida, ƙurar dalma ta kashe yara sama da 400. A turmin da ake daka hatsi. Kuma Garin Liman, nan Ɗan Isa ɗin da kake magana, watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta, mutum 18 aƙalla, Allah ya jiƙansu. Can kake so ka kai kuɗin babur. Ni nawa duk cikin ƴan akwatunan roba suke a rufe, kwaba da makulli, in na taɓa sai na wanke hannu da sabulu kafin in ci goro. Kuma ba a lasa, na ga masu lasar dutse wai su gane shi.

Wani ya yi maganar gwada dutsen da maganaɗisu a sama. Ba ya aiki nan. Kobalt da nikel in an tace su maganaɗisu na kama su, amma a haɗe da arsenik ba ya kamawa. In ka ga baƙin dutse mai nauyi a hamada ya manne da maganaɗisu gam, to wata magana ce, yana iya zama irin mai faɗowa daga sama, su na ƙarfen kullum da nikel a cikinsu. Shi ma ba kowane ba, akwai dutsen ƙarfe na ƙasa mai kamawa. Kuma ku yi hankali, tun da anka saida wancan na duniyar Mars da anka tsinta a jihar Agadas, mai kilo 24 da ɗoriya, a New York a watan Yulin 2025, sama da miliyan 5, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba, gwamnati ta buɗe bincike ta kuma dakatar da fitar da duwatsu masu daraja. Kar abokinka ya cusa dutse cikin jaka ya nufi Jibiya, ƴan duwan su riƙe shi a kan pirit, abin dariya abin kuka.

In yana son tabbaci, a kai labo, akwai cibiyar binciken ma'adinai a Yamai, su ke da injin da ke faɗin abin da ke ciki. Amma kafin nan kawo mini shi Juma'a bayan an sauko. Ka naɗe shi da auduga, kar ka haɗa shi da makullai cikin aljihu, kar a wanke, kar a goge da toka don ya ƙara ƙyalli. Ka tambayi abokin naka ramin da ya fito da zurfinsa, ka rubuta. In akwatunan nan sun fito cif ba tsaga, ina saye jika biyu, don ba ni da pirit na jiharmu ko ɗaya. Jika biyu na ce, kar ka zo mini da ciniki. An kira magariba, sai an jima.