Ina Rubutawa Ina Gogewa

Tambaya: Shekara biyu ke nan ina son rubuta littafi. Da na zauna sai gabana ya riƙa faɗuwa, in rubuta sakin layi ɗaya in goge. Yaya zan yi in yarda da abin da hannuna ke rubutawa? — Wata mai karatu

Amsa: 'Yar'uwa, aiki biyu kike haɗawa a zama ɗaya, ƙirƙira da gyara. Idon gyara ya fi hannu sauri, shi ya sa jimla ba ta kai ƙarshe ba kin riga kin yanke mata hukunci. Ki raba musu rana.

A ranar ƙirƙira, ki saita agogo minti 20, ki nufi kalma 300. Ba gogewa, ba komawa baya. Inda kalma ta ɓace miki, ki ja layi ki wuce. In a kwamfuta hannunki ba ya haƙuri, koma kan biro da takarda, domin a nan gogewa na da wahala. Idan faɗuwar gaban ta zo, ki ja numfashi kina ƙirga 4, ki sake shi kina ƙirga 6, na tsawon minti biyu. Tsawaita fitar numfashi na sassauta bugun zuciya.

Kada ki tsaya a ƙarshen babi. Ki ajiye biro a inda kika san jimlar da ke biye, har ki rubuta rabinta. Farar takarda ita ce ta fi tayar da fargaba, wannan kuwa zai hana ki wayi gari da ita.

Batun yarda kuma, sai da shaida take samuwa. Ki riƙa rubuta kwanan wata da adadin kalmomin kowane zama. Kwana 30 zai ba ki kalma 9,000, abin da ido ke gani.

Inda muka fi ganin ana tuntuɓe shi ne wajen nuna wa mutane. Ki bar rubutun ya kwana mako biyu, ki karanta shi a bayyane, ki gyara inda harshenki ya sarƙe. Sannan ki ba mutum biyu, iyaka uku. In suka yi yawa, shawarwarinsu za su yi ta karo da juna, ki rasa ta ɗauka. Kada ki tambaye su ko ya yi kyau, domin mai ƙaunarki zai ce eh. Ki ce su sa alama a inda suka gaji da karatu da inda ba su gane ba. Wurin da biyu suka nuna, shi za ki fara gyarawa.