Tambayi Anti: Maigida ya ce a raba mana gado a jirgin ruwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah a sakaya sunana. Shekararmu ashirin da aure, yaranmu biyar, kuma tunda muke bamu taɓa tafiya daga ni sai shi ba, ko Umra da muka je tare da Hajiyarsu muka tafi. Toh bana Allah ya hore masa ya biya mana kuɗin jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa da ke tashi daga Dubai, kwana bakwai, a watan Janairu. Anti murna ba a magana, na kai ɗinkuna, na sayi turaruka, har mai lalle na riƙe. Sai shekaranjiya ejan ɗin ya turo takardar kama ɗakin ta WhatsApp, babbar 'yarmu ce ma take karanta min, kawai naji tace Umma gado biyu fa aka zaɓa muku kowa da nasa. Wallahi kunya ta rufe ni a gaban yarinya. Da dare na tambaye shi yace eh shi yace a yi haka, wai yana minshari kuma yana yawan tashi zagayawa da dare kar ya hana ni barci, kuma wai wani abokinsa yace masa ɗakin ɗan tsukut ne. A gida dama shi yana sashensa ni ina ɗakina da auta, na ɗauka wannan tafiyar ce tamu. Ban ce masa komai ba amma abin yana ci na. Ya gaji da ni ne? In haƙura ko in ce na fasa?

Wata uwargida daga Unguwar Rimi, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar fasawa dai cire ta daga ranki tun yanzu, domin abin da aka rubuta a takardar nan ba kafe shi aka yi da ƙusa ba, gyara shi bai kai wahalar ɗora sanwa ba.

Bari in faɗa miki yadda ɗakunan suke. A yawancin waɗannan jiragen, in aka cire manyan ɗakunan alfarma da wasu 'yan tsiraru, gadon da ke ciki dama can ƙananan gadaje ne guda biyu, kowanne faɗinsa wajen ƙafa uku ko ƙasa da haka kaɗan. Ko wanda kika gani a hoton talla, ƙaton gado da farin zani da filalluka a jere, waɗannan biyun ne aka tura suka haɗu. Kowane ɗaki akwai ma'aikacin da ke kula da shi, a ranar da kuka shiga zai ƙwanƙwasa ya gabatar da kansa, kina ce masa a haɗa gadon shikenan. Kuna fita cin abincin dare zai shigo ya janye 'yar durowar da ke tsakiya ya maida ta gefe, ya tura gadajen su manne, ya shimfiɗa babban zanin gado guda ɗaya a kai, kafin ku dawo an gama. Ba a biyan ko sisi, aikinsu ne na yau da kullum. In kuma bakya son sai kun je, ejan ɗin zai iya canzawa tun daga nan Kaduna, ko ku shiga manhajar kamfanin ku canza da kanku. In kun kwana biyu kunga bai yi muku ba a sake rabawa, babu mai tambayarku dalili.

Abu ɗaya da zaki lura da shi in an haɗa, akwai ɗan tsagi a tsakiya inda katifun biyu suka gamu, wani jirgin ba a jinsa sosai wani kuma sai kiji gefen katifa yana tokarinki in kika mirgina tsakiya. Ki roƙi ma'aikacin ya ɗora muku siririyar katifar nan ta soso a sama, jirage da yawa suna da ita amma bata da yawa, dan haka a ranar farko ake nema kafin wasu su riga ki. In ta ƙare a ninka bargo a shimfiɗa ƙarƙashin zanin.

Yanzu mu zo kan dalilan maigida, kuma ni dai a yadda kika kawo maganar banga alamar mutumin da ya gaji da ke ba. Wanda ya gaji da mace baya kwashe kuɗinsa ya kai ta tsakiyar teku inda babu majalisa babu abokai, daga shi sai ita kwana bakwai. Na fi ganin mutum ne da yake jin nauyin minsharinsa, yaga kamar tausaya miki yayi. Amma lissafin nasa bai fita ba. Matsakaicin ɗaki a irin jiragen nan baya wuce murabba'in mita 15 zuwa 18, kuma har da banɗaki da wadrob a cikin lissafin. In an raba gadajen, tazarar da ke tsakani in kika miƙa hannu zaki taɓo shi. Wane minshari ne wannan tazarar zata tare? Duk abin da zaki ji a gado ɗaya shi zaki ji a gado biyu, abin da ya ragu kawai shine sauƙin ɗan taɓa shi ya gyara kwanciya ya koma gefe, wanda kuma shine yake rage minsharin ga mutane da yawa. Ki sayi abin toshe kunne na soso a kemis, ya fi raba gado amfani nesa ba kusa ba.

Tashin dare kuma ai da sauƙi, a bashi ɓangaren da ya fi kusa da ƙofar banɗaki. Kuma tunda katifa biyu ce ko an haɗa, juyinsa da saukarsa basa girgiza taki kamar yadda ake ji a katifa ɗaya ta gida. Haka in shi mai son sanyin esi ne ke kuma bakya so, ku nemi bargo biyu kowa ya ja nasa.

Inda abokin nasa ya faɗi gaskiya shine maganar ƙanƙanta. A ɗakin ciki wanda bashi da taga, in aka jingina kowane gado da bango sai hanya ta buɗe a tsakiya, ɗakin ya ɗan sarara, wajen shimfiɗa sallaya ma ya samu. In an haɗa kuwa sai dai a bi ta gefe a raɓe da bango. Amma ɗaki mai baranda yawanci akwai kujera doguwa da ɗan fili a gabanta, nan ya isa sallah. Akwatuna kuma ƙarƙashin gado ake turawa, an yi gadajen da tsayi saboda haka. Tunda na taɓo sallah, ki sani alƙibla tana sauyawa yadda jirgi yake juyawa, kuma kamfas ɗin waya yana rikicewa saboda ƙarfen jirgin, ku duba talabijin ɗin ɗaki akwai tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, ko ku tambayi ma'aikatan teburin baƙi.

Na san abin da ya sosa miki rai ya wuce katako da katifa. Mu a gidajenmu na Hausa kwana daban ba baƙon abu bane, iyayenmu da kakanninmu maigida yana turakarsa uwargida tana ɗakinta da yara, kuma sun yi zaman aure na mutunci har mutuwa ta raba. Ko a Amurka, wata ƙungiyar likitocin barci tayi bincike a 2023 ta gano fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka tambaya suna kwana a ɗaki daban da abokan zamansu, wasu jefi-jefi wasu kullum, dan su samu barci. Dan haka ba zan ce miki duk ma'auratan da suka raba gado aurensu ya samu matsala ba, ƙarya ne. Mai ciwon baya, mai shure-shure, mai jinya, duk suna da uzuri. Sai dai a kunnen mace Bahaushiya raba shimfiɗa yana da wata ma'ana ta fushi da ƙauracewa, kuma ke shekara ashirin kina kwana da goyo da yaye da mai zazzaɓi, sai ga mako guda tal da babu mai buga miki ƙofa yana Umma Umma, a ce kuma a nan ɗin ma kowa da makwancinsa. Dole abin ya yi zafi, kuma baki yi laifi ba da kika ji zafin.

Ta fuskar addini ma akwai abin dubawa. Akwai hadisin Jabir a Sahihu Muslim da ya ambaci shimfiɗa ɗaya ta miji, ɗaya ta matarsa, ta uku ta baƙo, wasu sun kafa hujja da shi cewa babu laifi kowa ya kwana a tasa. Amma Imamu Nawawi a sharhinsa ya rinjayar da cewa in babu wani uzuri haɗuwarsu a shimfiɗa ɗaya shi ya fi, domin shine abin da aka sani daga aikin Manzon Allah (SAW). Kuma ki tuna ruwayar Nana A'isha (RA) da ke Bukhari da Muslim, tana kwance a gabansa yana sallar dare ƙafafunta suna wajen sujadarsa, in zai yi sujada sai ya taɓa ta ta naɗe su, in ya miƙe ta sake miƙewa. Ƙuncin ɗaki kenan, bai sa an nisanta ba.

Shawarata a haɗa gadon. Ki same shi lokacin da ya ci ya huta, ba gaban yara ba, kuma banda kuka banda "ka gaji da ni". Ce masa Alhaji na gode da ka yi tunanin barcina, amma ni minsharinka ba baƙona bane, wannan tafiyar ina so mu kasance tare, a haɗa mana, in mun gwada ka takura ni da kaina zan ce a raba. Namijin da yayi abu dan tausayi in aka nuna masa an gane niyyarsa baya gardama. Ku kuma mazan da ke karanta filin nan, dan Allah irin wannan zaɓin ba naku bane ku kaɗai, tambayar minti ɗaya ce, da an yi ta da baiwar Allah bata ji labari a bakin 'yarta ba.

Wani abu kuma da bana so ya wuce a cikin maganar gado. Minshari mai ƙarfi, musamman in kina jin numfashinsa yana ɗaukewa na ɗan lokaci sannan ya fizgo shi, ga kuma yawan tashi fitsari da dare, abu ne da ya kamata likita ya duba. Ɗaukewar numfashi a barci tana da alaƙa da hawan jini, yawan fitsarin dare kuma yana iya zama suga ko matsalar mafitsara irin ta maza in shekaru sun fara ja. Ki lallaɓa shi yaje a auna shi kafin Janairu, akwai asibiti a cikin jirgi amma da tsada yake kuma kuɗinsa baya cikin tikiti. Ki kuma sani mai gyaran ɗakin sau da yawa namiji ne, in kina ciki kin saki jiki ki maƙala alamar nan ta kar a dame ku a ƙofa. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

TAMBAYA

Salam Anti. Ni da iyalina da yara biyu, mace mai shekara 11 da namiji mai 8, muna so in mun gama Umra mu shiga jirgin ruwan da ke tashi daga Jidda. An ce ɗaki ɗaya yana ɗaukar mutum huɗu. Ya kwanciyar take, kuma ya dace?

Wani magidanci daga Tudun Wada, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Inaga AROYA kake nufi, na Saudiyya, wanda ya fara jigila daga Jidda a Disambar 2024. A irin waɗannan jiragen ɗakin mutum huɗu girmansa kusan ɗaya ne da na mutum biyu, abin da aka ƙara shine doguwar kujera da ake warewa ta zama gado, ko gadon sama da ake saukowa da shi daga silin ko jikin bango da dare a ɗora masa tsani, da safe a maida shi. A wasu jiragen in za a sauko da gadajen sama guda biyu ba a haɗa na ƙasa, saboda tsanin a tsakiya yake tsayawa, kaga kai da mai ɗakinka rabuwa ta zama dole. Ka sa ejan ya tambayar maka wannan a kan lambar ɗakin da za a baka takamaimai, domin ko a jirgi ɗaya ɗakuna sun bambanta.

Amma Malam 'yarka ta kai 11, ta wuce shekara goman da hadisin Abu Dawud yace a raba wa yara makwanci, kuma ta kai lokacin da take buƙatar sirrinta wajen sauya kaya, ga banɗaki ɗaya ku huɗu. In aljihu zai ɗauka ka nemi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, yara a ɗaya gadajensu a rabe, ku a ɗaya naku a haɗe, da dare a bar ƙofar a ɗan buɗe. Irin waɗannan ɗakunan basu da yawa kuma iyalai suna rububinsu, sai ka kama da wuri. In kuma ɗaki ɗayan ne ƙarfinka babu komai, namijin ya hau sama tunda akwai ƙarfen kariya a gefe, macen ta ɗauki kujerar, kuma ka zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne ba a cika jin tangaɗi ba in yaran masu saurin jiri da amai ne a mota.